Dakashin Gidan Safara'u

Duk wanda ya daɗe a Magama ya san Inna Safara'u, in ma bai san fuskarta ba to ya sha kindirmonta. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, wadda Allah bai hore mata magana a hankali ba. In ta yi maka sannu daga ƙofar gidanta, sai direbobin da ke layi a bakin iyaka su waigo su ga da wa ake faɗa. Ba Bafulatana ba ce, kuma haushi take ji in an tambaye ta. Bahaushiya ce daga wani ƙauye a ƙasar Maraɗi, aure ya ƙetaro da ita tun tana da sauran ƙuruciya, ita da akwatinta da tukwanenta da wata jar karsana da aka jawo da igiya a bayanta. Mijin ya daɗe da rasuwa, akwatin ma gara ta ci rabonta. Shanun ne suka zauna da ita.

Wannan karsana ba sayen ta aka yi ba. A gidan su Safara'u, uwa kan ba ɗiyarta karsana daga cikin saniyarta ranar da za ta tafi ɗakin miji. Uwarta Luba haka ta samu tata, ita ma daga tata uwar, har can inda babu mai iya ƙirgawa. Jajayen shanu ne masu fari a goshi, hantsarsu kamar tulu. Ana sayar da mazan, amma macen ba ta taɓa shiga kara, wato kasuwar shanu, ba, ko da yunwa ta kai mutanen gidan ga cin dusa.

Sai dai shanun suna da wani abu da ke bin su, wanda a gidan ake kira ramar gida. Saniya za ta girma lafiya, ta haihu, ta cika ƙwarya safe da yamma. Sai wata shekara kashinta ya koma ruwa. Ba ta kwanciya, jikinta ba ya zafi, kuma ba ta daina ci, har ta fi sauran ci. Amma kullum tana zubewa, sai haƙarƙari ya fito, ƙasan haɓa ya kumbura, gashi ya dushe. Ranar da za ta faɗi ma, sau da yawa akwai harawa a bakinta. Wanda bai taɓa ganin dabba tana ci tana ƙarewa a tsaye ba, bai san abin da ke tayar da tsigar jiki ba.

Luba tana da bayanin wannan, kuma ta ba ɗiyarta shi tare da igiyar karsana. "In kinka ga ta hwara rama, kada ki yi kuka," in ji ta. "Abin da anka nuho ki da shi ne ta tare. Shanunmu ba su mutuwa banza." Safara'u ta riƙe wannan magana da hannu biyu, duniya kuma ta yi ta ba ta shaida. Jar karsanar da ta zo da ita ta rame a shekarar da Safara'u ta yi naƙuda mai tsanani, har an fara karanta mata addu'a, sai ta tashi, saniyar ta tafi. Wata ta rame a shekarar sanƙarau, ciwon ya shiga gidan dama ya shiga na hagu ya tsallake nata. Kowace saniya da ta rasa, Safara'u tana iya faɗa maka musibar da ta ɗauke. Ba ta jin tsoron ramar gida, girmama ta take yi.

Akwai kuma maganar dakashi, wato nonon farko da saniya kan yi bayan ta haihu, mai kauri, mai kalar ƙwai. Da maƙwabta suka ga irin madarar da jajayen shanun ke yi, sai wani ya kawo 'yar maraƙarsa sabuwar haihuwa ya roƙi a ɗan ba ta dakashin gidan, ko ta ɗebi albarka. Safara'u ta ba ta. Daga nan abin ya zama al'adar unguwa. In saniyarta ta haihu, sai ka ga maza suna shigowa rungume da 'yan maruƙa kamar masu kawo jarirai a yi musu suna. Takan tsoma yatsunta a ƙwarya ta sa musu a baki, wani kuma ta kai shi har ƙarƙashin hantsa ya tsotsa da kansa. Ba ta taɓa karɓar ko goro a kan wannan ba. "Alheri danƙo ne," takan ce, tana goge hannu a zane, "ba shi faɗuwa ƙasa banza." Maƙwabcinta na jikin katanga, Ya'u, manomi da ke tara shanu ɗaya bayan ɗaya da kuɗin gero, bai taɓa barin mace ɗaya da aka haifa a turkensa ta wuce ba ta sha daga wannan ƙwaryar ba.

Luba ta rasu a lokacin da aka rufe iyaka. Labarin ya iso Magama da hantsi, babbar hanya a toshe, sai da Safara'u ta hau babur aka zagaya da ita ta cikin gonaki. Ta isa ta tarar maza sun dawo daga maƙabarta suna wanke ƙafa. Ba ta ga fuskar uwarta ba, kuma wannan abu ya tsaya mata a rai, bai taɓa sauka ba. 'Yan'uwanta maza na can ba su damu da kiwo ba, kafin a yi sadakar arba'in sun rabu da abin da tsohuwar ta bari. Jinin jajayen shanun ya rage a turken Safara'u kaɗai.

Tun daga lokacin, in ta durƙusa tatsa da safe, sai ta ji kamar akwai mutum durƙushe a ɗaya gefen saniyar. Ba ta ganin kowa. Ƙamshi ne yake zuwa, na man shanu da hayaƙin kara, irin wanda ke jikin zanen Luba, saniyar kuma takan juya kai can gefen ta miƙa wuya kamar ana sosa mata. Safara'u ba ta faɗa wa kowa ba, don ta san bakin mutanen Magama. Takan dai yi gaisuwa ƙasa-ƙasa, ita da ba ta iya magana a hankali ba, ta ba da labarin gida da na kasuwa, sannan ta tashi da ƙwaryarta.

Shekarun ɓarayin daji suka zo, kiwo a nesa ya gagara. Kowa ya jawo shanunsa cikin gida ya ɗaure, ana ci a nan ana kashi a nan, maruƙa suna kwana a kan abin da iyayensu suka zubar. A waɗannan shekarun rama ta ci shanun Safara'u ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa ba ta rasa musibun da za ta jingina musu ba, ai lokacin musiba ba ta yi wuyar samu ba. Har ya rage mata saniya guda, Kyalla, ga ta da ciki. A lokacin ne kuma aka fara jin cewa saniyar wane ma tana ci tana ramewa, ta wane ma haka.

Ana cikin haka wata ƙungiya mai tara madara ta zo da sharaɗi: ba za ta karɓi madarar kowa ba sai an gwada shanunsa. Ma'aikaciyar da aka turo sunanta Laraba, Kirista ce daga can kudancin Kaduna, doguwa, da takalmin roba har gwiwa da akwatin ƙanƙara a bayan babur. Gida-gida ta bi, tana ɗiban jini a jijiyar wuya, tana ƙulla ɗan kashi a leda, tana maƙala wa kowace saniya alama a kunne. Da ta iso gidan Safara'u sai da aka kai ruwa rana.

"Ke ɗiyar nan, wa ya ce miki ana huda kunnen saniyar mutane kamar amarya?" in ji Safara'u.

"Inna, in ba alama ba zan gane jinin wace ce ba," in ji Laraba tana dariya.

"Guda ce tal a gidan ga. In kinka kasa gane ta, ki mai da musu da rigarsu."

A ƙarshe dai an huda, an sha kindirmo, an rabu ana dariya. Amma kafin Laraba ta fita, Safara'u ta ga ta tsaya tana duban bayan Kyalla, inda kashi ya fara ɓata jela, ta daɗe tana dubawa.

Bayan 'yan makonni Laraba ta dawo, wannan karon ba dariya. Ta zauna a kan turmi ta yi bayani dalla-dalla. Ciwo ne na hanji, wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, tana da suna na Turanci wanda ba ya zama a baki. Tana shiga ɗan maraƙi tun yana jariri, ta cikin nonon uwa ko ta kashin da ya taɓa bakinsa. Sai ta kwanta shiru shekaru, tana kaurara hanji a hankali, har ya zama abincin da dabba ta ci ba ya shiga jikinta, wucewa kawai yake yi. Ba shi da magani. Kyalla tana da shi.

"Wanga abu mun san shi tun kaka da kakanni," in ji Safara'u. "Ba ciwo ba ne. Tariya ce suke yi muna."

Laraba ba ta yi gardama ba. Ta ce, "Inna, akwai abin da ya ɗaure min kai. A unguwar nan an samu ciwon a gidaje da yawa. Amma shanun da aka sayo da girmansu daga kara, kusan duk lafiyarsu ƙalau. Waɗanda aka haifa a nan ne suke da shi. Na tambayi masu su abin da ake ba maruƙa in an haife su, sai kowa ya sunkuyar da kai. Mutum ɗaya ne ya ce in zo in tambaye ki."

Safara'u ta dubi ƙwaryar da ke kife a kan danga, ta dubi yatsunta. Ta tuna bakunan nan masu ɗumi suna tsotsar yatsun, ta tuna yadda take yi musu addu'ar albarka. Tsoro ya kama ta irin wanda ko ranar da aka yi harbi a bayan gari ba ta ji ba. In maganar yarinyar nan gaskiya ce, to babu saniyar da ta taɓa tare mata komai. Uwa ce ke shayar da ɗiya mutuwa, ɗiya ta shayar da tata, ita kuma ta ɗebo da hannunta ta raba wa unguwa.

Washegari ta durƙusa a gefen Kyalla, ko da yake babu abin tatsa tunda ciki ya tsufa. Ƙamshin ya zo kamar kullum. "Inna, kin sani?" ta tambayi uwarta. "Ko ke ma haka anka hwaɗa miki?" Saniyar ta ci gaba da tuƙa. Wanda ke ɗaya gefen, in akwai shi, bai amsa ba, bai kuma tafi ba.

Mutanen Magama ba su zage ta ba, da ma sun zage ta da ta ji sauƙi. Gaisuwa ce ta gajarce. Masu sayen kindirmo suka riƙa wuce ƙofarta suna duban wani gefe. Ya'u shi ya fi kowa asara, domin duk matan turkensa suna ɗauke da ciwon, in ban da wata farar saniya mai taurin kai da ya sayo daga kara da girmanta, wadda aka gwada aka sake gwadawa ba a ga komai ba. Ya kai wa mahauta sauran yana hawaye, ya kankare turken, ya haƙa wa farar sabo a bayan rumbu. In sun haɗu da Safara'u yakan ce, "Ina kwana, Inna," ya wuce kafin ta amsa.

Laraba ta ce lallai Kyalla ma ta tafi, ba yadda za a bar ta tana zubar da cuta a tsakiyar unguwa. Safara'u ta ce ta ji, amma abin da ke cikinta fa? A nan Laraba ta faɗa mata hanya ɗaya da ta rage. A bar Kyalla ta haihu, ita kaɗai a killace. Da zarar ɗan ya faɗo a ɗauke shi, kafin uwar ta lashe shi, kafin bakinsa ya taɓa hantsa ko ƙasa, a kai shi wurin wata saniya mai lafiya da ta haihu a kwanakin, ya sha dakashinta. "Ba zan yi miki ƙarya ba, Inna," in ji ta. "Wani lokaci cutar tana shiga tun a ciki. Kuma gwaji ba ya nuna komai a jikin ƙaramin maraƙi, sai ya yi shekaru. Amma in ya sha nononta, to kusan an gama."

"Ki ce in hana ɗiya nonon uwarta," in ji Safara'u.

"Haka nake cewa, Inna."

A duk unguwar saniya ɗaya ce mai lafiya da ke dab da haihuwa, kuma kowa ya san ta wace ce. Safara'u ta yi kwanaki tana zuwa bakin ƙofar Ya'u tana juyawa. Matar da ta saba a shigo gidanta da roƙo, yau ita ce ba ta san yadda ake fara shi ba. Tana nan tana jan ƙafa har farar ta haihu, ta jiyo kukan ɗan ta kan katanga.

Ba a yi kwana biyu ba Kyalla ta kwanta haihuwa, da rana tsaka, ana sallar azahar. Babu kowa a gidan. Safara'u ta shimfiɗa sabuwar tabarma a bayanta, ta durƙusa tana jira, ƙamshin nan ya cika turken fiye da kowane lokaci. Ƙafafu suka fito, sai hanci, sai jiki gaba ɗaya ya sulɓo a kan tabarmar. Mace ce, ja, da fari a goshi. Kyalla ta yunƙura ta miƙo dogon harshenta, saura kaɗan ya taɓa. Safara'u ta naɗe tabarmar da abin da ke ciki ta rungume, nauyin ya kusa kayar da ita, ta fita da gudun tsofaffi. A bayanta saniyar ta saki wani kuka tana fizgar igiya. Safara'u ta ji kamar sunanta ake kira, da irin muryar da aka saba kiran ta da ita tun tana yarinya in ta yi laifi. Ba ta waiga ba, don ta san in ta waiga za ta koma.

Ta tarar da Ya'u ya dawo daga masallaci yana cire takalmi. Ta tsaya a tsakar gidansa, zanenta jiƙe da ruwan haihuwa, tana haki.

"Ya'u, ni na ƙarar maka da shanu," in ji ta. "Ban zo in ce ka yahe ba. Dakashi na zo roƙo."

Ya'u ya daɗe yana duban ta. Ya dubi tabarmar da ke motsi a ƙirjinta. "In shina jikinta hwa, Inna? Guda ta rage mini."

"Malama Laraba ta ce a tatso a ƙwarya mai tsabta in kana tsoro, a ware ta nesa da taka. Amma shina iya kasancewa a jikinta. Ba ni da rantsuwar da zan yi maka."

Matarsa ta leƙo daga ɗaki ta koma. Kukan Kyalla yana ƙetaro katanga ba ƙaƙƙautawa. Ya'u ya ja dogon numfashi, ya shiga madafa ya fito da ƙwarya, ya wanke ta da ruwan zafi, ya zagaya bayan rumbu. Da ya dawo bai miƙa wa Safara'u ba. Ya durƙusa da kansa ya tsoma yatsunsa, ya sa wa 'yar maraƙar a baki. Ta yi ta ture hannun, can ta kama. Ya ce a bar ta nan a rumfar awaki da ba kowa a ciki, shi zai riƙa tatso mata, kada a mai da ita turken can ko da wasa.

Laraba ta yarda a jira Kyalla ta ɗan murmure kafin a miƙa ta ga mahauta. Kwanakin nan saniyar ba ta daina kira ba, hantsarta ta cika tam. Safara'u takan tatse ta don ta samu sauƙi, ta ɗauki ƙwaryar ta kai bayan gida, ta zuba a ramin da aka haƙa ta rufe da ƙasa. Ba ta taɓa zubar da nono da gangan ba a rayuwarta, kuma kowace safiya sai ta yi kuka.

Ranar da mahauci ya zo, Safara'u ta ce ita za ta riƙe igiyar har bakin titi. Hanyar ta bi ta jikin dangar Ya'u, inda ake hango rumfar awakin. Kyalla ta ji warin ɗiyarta, ta kafe ƙafafu, ta tura kai ta cikin karan dangar ta yi kira da duk ƙarfin da ya rage mata. Safara'u ma ta leƙa, tana jiran ta ga ɗan kunnen ya motsa. 'Yar maraƙar tana tsaye da ƙafafunta, kanta a cikin ƙwaryar da Ya'u ke riƙe da ita, jelarta tana kaɗawa. Kyalla ta sake kira. 'Yar ba ta ɗago ba, ba ta san muryar ba.

"Inna, rana tana yi," in ji mahaucin.

Safara'u ta miƙa masa igiyar.